Kakin Zuma a Bangon Baba

Dukanku kun tashi da labari guda a kan faɗuwar Kakanku, wai santsin tayil ne ya kwashe shi a banɗaki. Haka muka faɗa muku, haka Gwaggonku ta Zurmi take faɗa har gobe, kuma duk sanda ta faɗa sai ta waiwayo ta dube ni, don kowa ya san wanda ya shimfiɗa tayil ɗin. To, yau zan warware muku. Babu santsi a ɗakin nan ranar. Ni da hannuna na goge ƙasan da tsumma har ya bushe ƙarau, ko ɗigon ruwa babu. Abin da ya kayar da Baba daban ne, kuma na riƙe shi a cikina duk shekarun nan saboda alkawarin da na ɗauka. Wanda na yi wa alkawarin ya riga mu gidan gaskiya, Innarku ta daɗe tana cewa in faɗa muku, ni kuma yanzu ina da wani dalili nawa da za ku ji kafin ku ajiye takardar nan.

Ku da kuka san ni da furfura ba ku san irin ji da kan da nake yi a lokacin ba. Aikin famfo ne sana'ata, tayil ma ina taɓawa, kuma daga Kaura har Shinkafi idan wani Alhaji ya gina gida yana son banɗakin da zai nuna wa baƙi, ni ake nema. Ba wai na fi sauran iya ɗaura bututu ba ne. Abin da ya fitar da ni shi ne ba na barin alama. Wani zai zo cire kwamin wanke hannu, wanda mu masu aikin muke kira besin, ya sa guduma ya bar maka bango kamar an yi dambe a wurin. Ni kuwa idan na gama, sai mai gida ya tsaya yana neman inda abin yake a da. A wurina, muddin ban wanke bango na goge ƙasa ba, ban tashi aiki ba. Ina hango tsagar tayil da ba ta kai kaurin gashi ba tun daga bakin ƙofa, kuma ba na yin shiru, sai na nuna wa mai gida don ya san da wa yake magana. Innarku takan ce ko gidan suna muka je, mutane na kallon jariri ni ina kallon famfo.

Baba kuwa dillalin shanu ne, a karar shanu ta Shinkafi ya ci ƙuruciyarsa har ya tsufa. Idonsa ne jarinsa. Tun ana janyo saniya daga nesa zai ce wannan haihuwarta uku, kuma akwai ɗingishin da mai ita yake ɓoyewa, a duba a tarar haka ne. Fulani har rugage suke kai shi ya duba musu bajimi kafin su saya. Mahaifiyarmu ta riga shi rasuwa, ya zauna shi kaɗai a gidanmu na Kurya Madaro yana cewa ba mai fitar da shi sai makara. Shekarar da zaman ƙauyen ya gagara, aka kore 'yan shanun da suka rage masa, noma kuma ya zama sai an sayar da rai, na je da mota na ɗauko shi kusan da ƙarfi. Ya shigo Kaura da buhun kaya guda da buta da sandarsa, bai waiwayi garin ba ko sau ɗaya. A lokacin na ɗauka taurin zuciya ne.

Ɗakin da ke kusa da zaure na gyara masa, na fitar masa da banɗaki a ciki don kada ya riƙa ratsa tsakar gida a gaban surukarsa. Duk abin da na koya a sana'ata na zuba shi a banɗakin nan. Farin tayil na ɗauko daga Gusau, na jera shi daga ƙasa har sama. Idan ka shiga, besin yana hannun hagu a manne da bango, a gefensa ƙasa-ƙasa ga famfon alwala, can ƙurya kuma sai ka sauka wani ɗan gangare mai zurfin taƙi guda zuwa wurin wanka da masai. Na yi gangaren ne don kada ruwa ya komo ɗaki. Da na gama na kira shi ya gani, ina tsaye ina jiran ya sa mini albarka. Ya tsaya bakin ƙofa, ya shafa bango, ya ce:

"Injiniya, asibiti kag gina min?"

Injiniya yake kirana idan zai yi mini tsiya, don ɗan fari ne ni, bai taɓa kama sunana ba. Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Daga ranar kuma ya kafa doka: banɗakinsa ba mai shiga. Innarku ta share ɗaki ta tsaya nan, wankin banɗaki shi zai yi da kansa. Kasuwar Shinkafi ya daina zuwa, ya ce hanya ba ta da kyau, kuma da yake gaskiya ne ba wanda ya ja. Carbi ya maye gurbin ɗan littafin addu'o'in da yake dubawa da hantsi. Hula ya koma jawo ta har kan gira. Amininsa Jaɓɓi, wani dattijon Bafulatani daga wata ruga ta wajen Shinkafi, idan zai zo sai Baba ya aika masa ya taho da kakin zuma, wai na faso ne. Duk wannan a gabana aka yi, ni mai hango tsagar tayil daga bakin ƙofa.

Ya kusa shekara a gidan, wata safiya bayan girbin gero na shiga gaishe shi, na durƙusa, ya amsa, har na yunƙura zan tashi ya ce in dakata.

"Wanga kwano da kal liƙa ma bango, ka hisshe min shi."

"Baba, yoyo shika yi?"

"Ba ya yoyo."

"To mi ya yi?"

"Bai yi komi ba. Ni dai ban sonai. Ka hisshe shi, amma kak ka hwasa tayil ko guda. Ka bar min bangon yadda kag gane shi."

Na ce to, na fita, amma raina ya ɓaci ƙwarai. A ganina raini ne. Mutanen gari suna layi a kan aikina, mahaifina kuma yana ce masa kwano. Na ce wa Innarku tsohon nan ba a iya masa, ko gidan gwal ka gina masa sai ya ce shi bukkar Kurya yake so. Ta ci gaba da tankaɗenta. Sai na ƙudura a raina cewa tun da cirewa yake so, zan cire masa cirewar da zai san ɗansa ba ƙaramin ma'aikaci ba ne.

Washegari da hantsi ya ɗauki tabarma ya fita gindin dogon yaron ƙofar gida, ni kuma na shiga da kayan aiki. Rabona da banɗakin tun ranar da na gama shi. Na fara rufe ruwa daga tanki, na buɗe famfo ya tsiyaye. Na sa bokiti a ƙarƙashi na kwance gwiwar bututun da ke fitar da ruwa, sannan ƙananan bututun da ke kawo shi. Inda masu gaggawa suke ɓarna shi ne wurin gam ɗin da ke tsakanin besin da bango. Suna kwance noti sai su fizgo, gam ya taho da fuskar tayil. Ni sabuwar reza na sa, na kwantar da ita ina bin layin a hankali, sau uku ina maimaitawa, har na ji bakinta yana wucewa ba abin da ke riƙe shi. Na tokare besin ɗin da turmin Innarku da na kifa, na ɗora tsumma a kai don kada ya zauna da nauyinsa a kan noti guda ya tsaga bango. Sannan na kwanta rigingine da sifana, na saki noti na dama kaɗan, na hagu kaɗan, ina komawa, har suka fita tare. Na rungumo shi na jawo shi kai tsaye, ban karkata ba. Ya rabu da bango ko ƙara bai yi ba. Na zare ƙusoshi biyun da suka riƙe shi a bango, na cike ramukan da farin siminti, na toshe bakin bututu. Ko ƙwarzane babu. Wallahi na ji daɗin kaina.

Da na ja baya don in kalli aikin ne na lura da bangon. Wasu ɗige-ɗige ne masu ruwan ƙasa-ƙasa, kowanne kamar ƙwayar wake, a manne da tayil daidai tsayin ƙirji. Sun faro daga bakin ƙofa, sun bi ta saman inda besin yake, a kan famfon alwala guda biyu ne a haɗe, kusa da gangaren kuma guda uku a jere. Na sa farce na ɓanɓaro ɗaya na sansana, na ji kakin zuma. Sai takaici ya ƙara kama ni. Na ce wato tsohon nan idan ya gama shafa wa ƙafarsa, a farin tayil ɗina yake goge yatsa, shi ya sa ya hana kowa shiga. Na ɗauko reza. Ina cikin kankarewa Innarku ta leƙo ta kawo mini kunu, ta tsaya daga ƙofar ɗaki, ta ga abin da nake yi.

"Malam, da ka bar su."

"In bar datti?"

"Ai ya ce a bar bangon yadda shike."

"Ke ka koya min aikina yau?"

Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wata magana, ta dubi wajen zaure inda ake jin tarin Baba, sai ta ajiye kunun ta juya. Na kankare su ɗaya bayan ɗaya, na bi da kananzir don maiƙon ya fita, na wanke da garin sabulu, na ɗauraye, na goge bango da ƙasa har suka bushe. Banɗakin ya koma kamar ranar da na gama shi, har ɗaukar ido yake yi.

Na fita da besin na kai shi bayan ɗakin girki, na wanke hannu, sai na tuna na bar sifana. Na koma ba takalmi, na same ta a gefen gadonsa. Ina duƙe ina ɗauka aka fara kiran sallar azahar, sai ga Baba ya shigo da tabarmarsa a hammata, yana tafiyarsa ta kullum, kai a sama. Na miƙe tsaye. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba, hasken taga yana kaina, fuskarsa tana kallona sosai. Na yi shiru da gangan, ina jira ya fara magana, don har lokacin fushi nake yi. Bai ce komai ba. Ya juya ya tura ƙofar ɗaki ya rufe, ni ina ciki.

Abin da na gani bayan rufe ƙofar nan, har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Mutumin da ya shigo ya ɓace. Kafaɗunsa suka sauko, ya saki tabarmar, ya miƙa hannuwa biyu gaba yana lalube, yana jan ƙafa, leɓunansa suna motsi. Ƙirga yake yi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya taɓa ƙofar banɗaki. Ya ratsa ta gabana har gefen rigarsa ya kusa shafa ta, idanunsa a buɗe tar, ba su ga komai ba. Ina tsaye, sifanar tana hannuna. Ya shiga, bai rufe ƙofar ba don a saninsa shi kaɗai ne, ya ɗora tafin hannunsa na hagu a bango daidai tsayin ƙirji, ya fara shafawa.

Hannun ya yi gaba, bai sami komai ba. Ya dawo baya, ya hau sama kaɗan, ya sauka ƙasa. Ya sake yin gaba yana neman gefen besin, shi ma babu. Ya tsaya. Ya sa hannu na biyu. A nan ne na gane abin da na kankare. Hanya ce ya yi wa kansa, ɗigo biyu famfo, ɗigo uku a kula da gangare, ni kuma na bi da reza da kananzir na share ta tas.

Ga wurin da nake so ku karanta da kyau, don shi ne laifina na gaskiya, ba kankarewar ba. Kankarewa rashin sani ne. Amma a lokacin nan ina tsaye, ina ganin ƙafarsa tana matsawa wajen gangaren, kalma guda ta isa. In ce Baba, ya tsaya. Ban ce ba. Abin da ya riƙe harshena shi ne, idan na yi magana zai san na gani, zai san abin da ya kwashe shekara yana rufewa ya tonu, kuma a banɗaki, a gaban ɗansa. Na ce a raina bari in lallaɓa in fita, in dawo da sallama kamar yanzu na zo. Ina cikin wannan shawarar ya ɗaga ƙafa ya taka inda yake zaton ƙasa ce. Na ji ƙarar ƙugunsa a kan bakin gangaren. Bai yi ihu ba, salati kawai ya yi a hankali.

Ban san sanda na isa kansa ba. Da na taɓa shi ya zabura ya riƙe hannuna gam.

"Wa an nan?"

"Ni na, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da kas shigo."

Zufa tana keto masa, hularsa ta faɗi gefe. A nan na ga goshinsa, tabo a kan tabo, wani ya warke wani sabo. Duk sanda ya gama alwala ya miƙe, gefen besin ne yake sara masa kai. Dalilin cirewar ke nan, ni kuma ina can ina cewa raini.

"Kak ka kira kowa tukuna," in ji shi. "Ka ji ni da kyau. Santsi na. Ka ce santsi ya kwashe ni."

"Baba, tun yaushe idon?"

"Tun kahin ka zo ɗaukata. Kurya ta hi ƙarhina na baro ta, shanu sun tahi. Abin da ar rage min guda na, in mutum ya shigo in ce mai wane sannu da zuwa. In kah hwaɗi, gobe Kaura duka ta san ana jan dillali da sanda. Ka yi min alkawari."

Na yi masa, ina kuka kamar ba ni ne mai gidan ba. Sannan na ɗebo ruwa a buta na watsa a ƙasan da na goge da hannuna, don wanda zai shigo ya ga shaida, na fita na kira mutane.

Maɗori ya zo ya duba ya ce wannan ta fi ƙarfinsa. Muka kai shi asibiti a Gusau, aka yi abin da za a iya, amma ƙashin tsoho ne, bai koma daidai ba. Baba bai sake takawa da ƙafarsa ba. Likitan da ya duba shi ya ja ni gefe ya ce ko mun san mahaifinmu ba ya gani. Ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya gama cinyewa, da an zo da wuri akwai maganin ɗigawa da ke tsayar da shi. Ya ƙara da cewa ciwon yana bin jini, ni ma in riƙa zuwa ana duba ni. Na ce to, na roƙe shi kada ya ɗaga maganar a gaban ƙanwata. Da muka dawo gida na sami Innarku a ɗakin girki na tambaye ta abin da ta sani.

"Ban sani ba, Malam, zato nika yi. Wata rana na aje mai tuwo, nig ga ya kai hannu inda kwanon ba shi nan. Tun ran nan nika aje tuwo dama, miya hagu, kullum wuri guda. In za ni shiga kuma sai in ja takalmi don shi ji."

"Mi ya hana ki hwaɗa min?"

"In ce maka surukina ya makance, shi bai hwaɗi ba? Da wane baki?"

Watanni tana jan takalmi a gidana ina jinta, har na taɓa yi mata faɗa a kan ta ɗaga ƙafa.

Shekara biyu da wani abu ya yi a kwance, kuma na cika alkawari. Na rage fita aiki, na zama mai tsaron ƙofarsa. Duk wanda ya zo dubiya, tun daga zaure nake ɗaga murya ina gaishe shi da sunansa, har in haɗa da rigar da ya sa, in ce Alhaji wane yau kuma shuɗiyar shadda aka sha. Kafin ya shiga Baba ya shirya, ya tare shi da suna, ya yi masa tsiyar rigar. Gwaggonku ta zo daga Zurmi ta tsaya a tsakar gida ta ce gayun banza na ya karya mana uba, wa ya ce a shimfiɗa wa tsoho madubi a ƙasa. Maganar ta fita gari. Wasu da suka saba kirana suka daina, ana cewa wanda tayil ɗinsa ya kayar da ubansa ne. Na haɗiye, kuma in gaya muku gaskiya zagin ya fi mini sauƙi a kan abin da na sani.

Wata rana Jaɓɓi ya zo da karsana a mota, ya ce sai Baba ya duba masa kafin ya saya. Hankalina ya tashi, na fara kawo uzuri, Baba ya ce a fitar da shi. Muka ɗauko shi muka kwantar a tabarma a zaure. Jaɓɓi bai tsayar da karsanar a nesa yadda aka saba ba. Ya zaga da ita sau biyu a kan daɓen ƙofar gida inda ake jin takunta, sannan ya jawo ta har gaban tabarmar, ya danna kanta ƙasa. Baba ya shafa wuyanta, ya buɗe bakinta ya bi haƙoran da yatsa, ya ce lafiyayya ce, amma tana jan ƙafar baya ta hagu, a rage kuɗin. Jaɓɓi ya yi dariya ya ce tsohon dillali bai mutu ba. Da na raka shi mota, ya riƙe hannuna ya ce:

"Shekara arba'in muna tare, ban taɓa ganin hwaso ƙahwar babanka ba. Amma tun da yac ce kaki, kaki nika kawowa."

Wato shi ma ya sani. Surukarsa ta sani, amininsa ya sani, ba wanda ya ce uffan, kowa ya gyara tafiyarsa ya bar masa mutuncinsa. Ni kaɗai ne sai da na gani da idona, kuma ko da na gani ban tsinana komai ba.

Bai taɓa ɗaga mini maganar kakin ba, ko sau ɗaya. Ni ne na kasa daurewa. Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, ina goge masa jiki da hantsi, na ce Baba ka yafe mini, ni na kankare, kuma ina tsaye ka faɗi ban yi magana ba. Sai ya ce:

"Da ka yi magana, da na ji kunya ta hi ta karaya. Bar wagga." Ya nisa. "Injiniya, tayil ɗin hwa? Ka hwasa ko guda?"

"Ko guda, Baba."

"To, aiki ya yi kyau."

Albarkar da na tsaya jira a bakin ƙofar banɗaki ke nan, ta zo mini a lokacin da ba na iya ɗaukarta. Ya rasu mutanen Kaura suna cewa har ya koma ga Allah idonsa ras, yana gane kowa tun daga ƙofa.

Yanzu ga dalilina. Shawarar likitan nan ban bi ta ba sai da na fara karo da gefen ƙofa. Na je an duba, abin da ya ci idon Baba ya fara cin nawa, na hagu ya rufe daga gefe, na dama ana riƙe shi da maganin ɗigawa, ba a san iya inda zai kai ba. Ni ba zan ɓoye ba, na ga abin da ɓoyewa ta ci. Kowannenku ya je a duba shi, har ke Hauwa da kike cewa ba ki da lokaci, kuma wani ya karanta wa Gwaggonku wannan a hankali, ba a gaban mutane ba.

Kun yi ta tambayar abin da ya sa na koma ɗakin Baba na bar nawa. Bayan rasuwarsa na shiga banɗakin na rufe ƙofa, sai na ga ɗigo guda a bayanta. Ranar da na yi aikin ƙofar a buɗe take, ta kare shi, rezata ba ta kai wurin ba. Yana nan har yau, ya yi baƙi ya taurare. Makon jiya na aika kasuwa aka sayo mini kakin zuma, na faro daga nasa, ina yi tun ina ganin inda nake sawa. Biyu a kan famfo, uku kafin gangare. Idan kun zo gaishe ni kuka ga bangon da ɗige-ɗige, ba datti ba ne. Ku bar mini shi yadda kuka gan shi.